Injin Gahawa Mai Kafso: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke: ɗan injin nan da ake jefa wa kafso a danna, cikin minti ɗaya ya tsiyayo gahawa kofi guda. Tun da a bakin mutane "kofi" na nufin abin shan da kuma mazubinsa, mu a nan gahawa za mu riƙa ce wa abin shan, kofi kuma mazubin, don kada magana ta cakuɗe. Kafso kuwa shi ne ɗan ƙoƙon roba ko na alminiyom da aka ɗura wa niƙaƙƙiyar gahawa aka liƙe bakinsa.

Tambaya: Ƙanena ya aiko mini da injin Keurig daga Amurka. Na sayi adafta na jona shi, sai na ji "fat", wari ya tashi, daga nan ko fitilarsa ba ta sake kamawa ba. Ya mutu ke nan? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, kifa injin ki karanta 'yar takardar da aka manna a gindinsa. Za ki ga an rubuta 120V da 60Hz. Wutar Amurka ke nan. Tamu a Najeriya, da ta Nijar da Gana, tsakanin bolt 220 ne zuwa 240. Adafta ba abin da take yi illa daidaita ƙafafun filogi da ramin soket. Wutar da ta shige ta ita ce take fita, ba ragi. Hitar da aka ƙera don bolt 120 kuwa, in ta sha 230, zafin da za ta yi ba ninki biyu ba ne, ya kusa ninki huɗu. Shi ya sa abin bai ɗauki daƙiƙa biyu ba.

Ko ya mutu ko da sauran numfashi, sai an buɗe. In an yi sa'a, fis ne ya tsinke ya kare sauran kayan, mai gyaran lantarki zai canja shi da kuɗi kaɗan. In allon da ke sarrafa injin ne ya ƙone, za a ga baƙin tabo a jikinsa, kuma samun irinsa a kasuwarmu wuya gare shi. Ko an gyara, sai kin haɗa shi da taransfoma mai sauko da wuta zuwa 110, kuma ba 'yar ƙaramar nan da masu aski ke jona kilifa ba. Waccan wat 100 zuwa 300 take ɗauka, shi kuwa Keurig yana jan kusan wat 1,500 lokacin da yake dafa ruwa. Taransfomar da za ta riƙe shi sai mai wat 2,000 zuwa sama, gara ma 3,000, domin lambar da ake rubutawa a jikin irin waɗannan kaya takan fi ƙarfinsu na gaskiya. Aba ce mai nauyi da cin wuri, kuɗinta kuma na iya kamo na sabon inji mai wutar ƙasarmu. Ramin 110 da ke bayan wasu sitabilaiza ma kada ki yarda da shi sai kin karanta nauyin da aka ce yana ɗauka.

Sai maganar kafsonsa, K-Cup, wanda Amurka da Kanada ne kasuwarsa. Kafin ki kashe ko sisi a gyara, bincika ko akwai inda za ki riƙa samunsa a kai a kai. In sai an jira mai zuwa daga Amurka, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Ki gode wa ƙanen naki, ki kuma ce masa nan gaba ya nemi wanda aka rubuta wa 220–240V.

Tambaya: Injina Krups ne. Na sayi kwalin kafso an rubuta Nespresso a jiki, amma ya ƙi shiga. Ashe ba duka ɗaya ba ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba ɗaya ba ne, kuma sunan Krups bai gaya maka komai ba. Krups da De'Longhi ƙera inji suke yi wa wasu: suna yin na Nespresso, suna kuma yin na Dolce Gusto. Sunan tsarin za ka nema, galibi yana gaban injin ko a kan hannun da ake ɗagawa.

Ko a cikin Nespresso ma gida biyu ne. Na asali, wanda kamfanin Nestlé na Suwizalan ya fito da shi a 1986, kafsonsa ƙarami ne mai siffar 'yar ƙararrawa, da gahawa giram 5 zuwa 6 a ciki. Tun da haƙƙin mallakar ƙirarsa ya ƙare, kamfanoni da dama irin su L'OR da Lavazza suna yin wanda zai shiga, sukan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a gefen kwali. Na biyun shi ne Vertuo, wanda ya fito a 2014. Kafsonsa kamar an raba ƙwallo biyu, ya fi girma, da layukan lamba a bakinsa da injin ke karantawa kafin ya juya kafson da gudu, sau dubbai a minti ɗaya. Wannan ba ya shiga wancan, wancan ba ya shiga wannan, ga shi suna ɗaya ne a kwali. A nan mutane suka fi asarar kuɗi.

Dolce Gusto na Nescafé kafsonsa roba ne mai faɗi, an zana layuka a murfinsa masu nuna yawan ruwan da za a sake masa, abin sha mai madara kuma kafso biyu yake ci, ɗaya na madara ɗaya na gahawa. K-Cup kamar ƙaramin kofin yogot yake, da matacin takarda a ciki. Senseo na Philips ba ƙoƙo ba ne ma, takarda ce zagayayya kamar ta shayi. Tassimo faifai ne mai lamba, Bosch ke ƙera injinsa.

Ga duk wanda bai riga ya saya ba: fara da kanti. Duba wane kafso ne ba ya yankewa, wanda kuma kamfani fiye da ɗaya ke yi, sannan ka nemi injinsa. Injin sau ɗaya ake saye, kafso kullum.

Tambaya: Sola nake amfani da ita, inbata mai 1kVA da batir ɗaya. Tana riƙe fanka da talabijin da ƙaramin firji lafiya lau, amma da na kunna injin gahawa sai ta yi kuka ta ɗauke. Wannan ɗan abin ne ya fi firji cin wuta? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, bai fi firji ci ba, sai dai shi a loma ɗaya yake son nasa. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai siririn bututu da hita a jiki, wanda dole ya yi zafi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Don haka yake jan wat 1,200 zuwa 1,500 a wannan ɗan lokacin. Inbata mai 1kVA kuwa abin da take iya bayarwa bai wuce kusan wat 800 ba. Ga kuma batir: wat 1,300 daga batir mai bolt 12 na nufin sama da amfiya 100 a take, ƙarfin batirin sai ya faɗi, inbatar ta ɗauka ya ƙare. Abin da zai riƙe shi hankali kwance shi ne inbata mai 2.5kVA zuwa sama a kan bolt 24, kuma ba a lokacin da dutsen guga ko famfon ruwa ke aiki ba. In ka samu haka, kada ka ji tsoron batirinka: wutar kofi ɗaya ba ta kai abin da fankar sama ke ci cikin awa guda ba.

Ƙaramin janareton nan mai cin fetur da baƙin mai a haɗe, wanda bai kai wat 1,000 ba, shi ma ba zai iya ba. In kuma wutar gari ta zo ba ƙarfi, a ce ta sauko bolt 170, zafin hitar ya koma rabi da ɗan wani abu. Fitila za ta daɗe tana ƙiftawa, famfon da ke tura ruwa a cikin injin ya yi kasala. Haƙuri za ka yi ko ka bi ta sitabilaiza mai ƙarfi. Kada kuma ka haɗa shi da butar lantarki a wayar jona-jona ɗaya. Fis mai amfiya 13 wat 3,000 yake ɗauka, buta mai 2,000 da inji mai 1,300 sun riga sun wuce.

Tambaya: Wata takwas da sayen injina. Da can gahawa na zuba sosai, yanzu ɗigo take yi, injin ya ƙara ƙara, kofin kuma ba ya cika. Ruwan burtsatse nake zuba masa. Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malama, fara da gwaji ɗaya. Rufe injin ba kafso a ciki, ki danna. In ruwa ya zubo da ƙarfi, matsalar ta kafson ce. In har yanzu ɗigo ne, to alli ya toshe hanya.

Leƙa cikin butar lantarkinki. Farin ɓawon nan da ya manne a gindinta, mai ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, shi muke nufi. Ruwan da ya ratso ƙasa mai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, yana ɗauke da shi a narke, sai ya ji zafi yake fitowa ya manne. A buta ba ya hana komai. Amma bututun da ke cikin injinki bai fi tsinken tsintsiya kauri sosai ba, ɓawo kaɗan ya isa ya shaƙe shi. Famfo sai ya riƙa turawa da wahala, ƙarar da kike ji ke nan, zafin ruwan ma ya ragu domin allin ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa.

Wanke shi aikin rabin awa ne. Cire kafso, zubar da ruwan farantin da ke tarar ɗigo a ƙasan injin, in akwai mataci a cikin tanki ki fitar da shi. In kina da ruwan wankin da kamfanin ke sayarwa, bi ma'aunin da ke jikinsa. In babu, nemi garin sitirik asid, mai tsamin nan da masu haɗa lemo da alewa ke saye, ki narkar da giram 25 a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi. In tankin ƙarami ne, giram 12 a rabin lita. Ajiye kwano mai cin lita guda a ƙarƙashin bakin injin. Yawancin ƙananan injinan Nespresso suna da yanayin wanki: a danne maɓallan biyu tare na daƙiƙa 3 zuwa 5 har fitilu su fara ƙiftawa da sauri, sannan a danna ɗaya, ruwan ya bi ya fita duka. Wanda ba shi da wannan, sai a riƙa dannawa kofi bayan kofi, in an kai rabi a dakata minti goma tsamin ya ci allin. Ruwan da ya fito, mayar da shi tanki ya sake bi sau ɗaya. Za ki ga ya yi duhu-duhu da ɓarɓashi. Daga nan wanke tankin, ki tura ruwa mai tsabta cikin tanki biyu. In kin ɗanɗana kin ji sauran tsami, ƙara ɗaya. Kada ki manta ki sake danne maɓallan don ya fita daga yanayin wanki, in ba haka ba zai yi ta ƙiftawa ki ɗauka ya lalace.

Abubuwan da ba a sawa: binega, domin Nespresso ta hana, yana iya taɓa robobin ciki, warinsa kuma ya daɗe, ruwan lemon tsami, saboda ɓargonsa da zaƙinsa, ruwan batir da bilic, waɗannan ba ma a fara ba. Kanwa kuwa, da wasu ke ganin tana wanke komai, ba ta narkar da alli sam, tsami ne kaɗai ke cin sa.

Da irin ruwanki, yi wankin duk wata uku ko bayan kafso 300, duk wanda ya riga. Kina iya rage masa aiki ta tafasa ruwan a tukunya, ki bar shi ya huce ya kwanta, ki tsiyaye na sama. Fiya-wata ba tabbas gare shi ba, domin wani na burtsatse ne aka tace kawai. Gwada shi: tafasa ruwan leda ɗaya a tukunya mai tsabta har ya ƙafe, ki ga yawan farin da ya rage.

In an wanke ɗigon bai daina ba, duba inda ake huda kafso. A Nespresso faranti ne mai 'yan tudu-tudu inda bakin kafson ke jingina. Cire filogi ki goge shi da tsohon buroshin haƙori. Dolce Gusto allura ɗaya gare shi a sama, kuma yawancinsu na zuwa da 'yar allurar sakace ta, a ɓoye a bayan tanki. Keurig allurar sama da ta ƙasa yake da su, ana sakace su da miƙaƙƙen kilif na takarda. Kaifi gare su, a kula da yatsa.

Tambaya: Na yi tafiyar wata biyu. Da na dawo na cika tanki, injin yana gurnani amma ko ɗigo babu. Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, iska ce ta shiga famfo. Famfon waɗannan injina ya iya tura ruwa, bai iya jan iska ba, shi ya sa hakan ke faruwa in an daɗe ba a kunna ba ko an bari tanki ya ƙafe ana cikin aiki. Cika tankin, ka cire shi ka mayar sau uku ko huɗu kana danna shi ya zauna daram, ka ga ƙwayoyin iska na tasowa daga ƙasa. Taɓa 'yar ƙofar da ke gindin tankin da yatsa ka tabbatar ba ta maƙale ba. Sai ka danna ba kafso, na daƙiƙa goma, ka tsaya, ka sake. In ya ƙi, cika sirinji babba marar allura da ruwa, ka ɗora a bakin da tankin ke zama, ka tura a hankali lokacin da famfon ke aiki. Kada ka bar shi yana gurnani a bushe na tsawon lokaci, zafi zai yi.

Tambaya: Ni babban kofi nake sha irin na mai shayi. Nakan danna sau uku a kafso ɗaya don ya cika, amma sai ta fito tsararo ga ɗaci, kuma ba zafi. Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, giram 5 na gahawa ba zai cika maka babban kofi ba ko ka danna sau goma. An auna kafson Nespresso na asali ne don mililita 40, masu rubutun lungo kuma 110. Daɗin gahawa da ƙamshinta a ruwan farko suke fita, abin da ke biyowa baya ɗaci ne da bauri. Duba launin da kanka: farko baƙi-ƙirin mai kumfa ruwan zuma, can sai ya koma kamar ruwan wankin kofi. Wannan na ƙarshen kake tarawa.

Yi haka: ɗauki mililita 40 ɗinka, cire kafson, sannan ka ƙara ruwan zafi mililita 100 zuwa 120, daga buta ko daga injin kansa ba kafso. In ka ji ta yi maka sanyin hali, kafso biyu kofinka ke buƙata. Za ka iya saita ma'aunin: a yawancinsu, danne maɓallin ake yi, a saki in ruwan ya kai inda ake so, injin ya riƙe.

Rashin zafi kuwa, musamman da hunturu, kofin tangaran mai sanyi ne ke shanye shi, sannan ka kwarara madarar gwangwani daga firji. Fara tura ruwan zafi zalla a kofin, ka zubar, hakan ya ɗumama kofin da bututun gaba ɗaya. Madarar ma ɗumama ta.

Tambaya: Na ga ana sayar da kafson ƙarfe da mutum zai riƙa cikawa da kansa. Yana aiki? Zan iya haɗa citta da kanumfari a ciki? Kuma in na zuba madara a tanki maimakon ruwa fa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, bari mu fara da ta ƙarshen: kada ki kuskura. Madara za ta ƙone a cikin siririn bututun nan ta daskare, ta yi tsami, kuma ba hannun da zai kai wurin. Ruwa kaɗai ke shiga tanki.

Kafson cikawa yana aiki, amma sai an koyi hannunsa, kuma niƙa ce gaba ɗayan sirrin. A Nespresso, wuƙaƙe uku ne ke huda bayan kafson alminiyom, famfo ya tura ruwa da matsin da kamfanin ya ce yana kai bar 19, har murfin ya kumbura ya fashe a kan farantin nan mai tudu. A kafson ƙarfe ramukan a buɗe suke tun farko, don haka garin gahawar ne kaɗai ke riƙe ruwan. In ya yi laushi kamar fulawa, ruwa ba zai wuce ba, zai koma ya zuba a akwatin tsofaffin kafso. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce salin-alin, ki sami ruwan bunu. Abin da ake so tsakanin fulawa ne da sukari, kamar gishirin leda mai laushi. Zuba giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi biyu a cike, ki danna kaɗan da bayan cokali, ba da ƙarfi ba, ki share bakin tas kafin ki rufe. Kalli agogo: in mililita 40 ya fito cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, kin dace. Ya fi haka sauri, ƙara laushin niƙa. Ya tsaya yana ɗigo, rage. In hannun injin ya ƙi rufuwa, kada ki tilasta, wani kafson ƙarfen ba ya dacewa da wani injin, yana iya lanƙwasa wuƙaƙen.

Ribarsa ita ce kina iya shan gahawar da kika zaɓa, ta tsaunin Mambila a Taraba, ta Kamaru ko ta Habasha, kuma kuɗin kofi ya sauko sosai. Garin Nescafé mai narkewa ba shi da aiki a nan, an riga an dafa shi an busar, ruwan zafi kawai yake jira.

Citta da kanumfari a kofi za ki sa su. Garin citta yana kumbura ya toshe ramukan, man kanumfari kuma ya kama robobin injin, duk wanda ya sha bayanki sai ya ji shi. Masu son gahawa mai citta irin jabanar Sudan, su dafa kayan ƙamshin daban a tace, a zuba a matsayin ruwan ƙari.

Tambaya: Mu ashirin ne a ofis, an ɗora mini sayen injin gahawa. Mai kafso zan saya? Daga wani jami'in mulki a Abuja.

Amsa: Ranka ya daɗe, ɗauki biro. Mutum 20, kofi biyu-biyu, kwana 22 na aiki: kafso 880 ke nan a wata. Ninka da kuɗin kafso ɗaya a kantinku. Sannan ka kwatanta da injin tacewa mai tulu, wanda ke cin giram 60 a lita: kilo ɗaya na ba da kofi sama da 100 masu mililita 150, wato kilo 8 ya ishe ku wata. Tambayi kuɗin kilo 8, ka ajiye lissafin biyu a gaban mai sa hannu.

Ban da kuɗi, ƙaramin injin gida ba a yi shi don wannan dakon ba. Tankinsa bai cika wuce lita ɗaya ba, wasu 0.6 ne, akwatin tsofaffin kafso kuma daga 6 zuwa 11 ya cika. Da kafso 40 a rana, za ku kai 300 na wankin alli kafin mako biyu. Ga layi da ƙarfe tara na safe, ga kafso da ke da halin bin aljihu zuwa gida. Nespresso na da injinan ofis masu kafso shimfiɗaɗɗe da ba ya shiga injin gida, wanda ke rage wannan ɗauke-ɗauken, amma sai ka tabbatar da mai kawo muku shi. Inda mai kafso ya dace shi ne ofishin shugaba ko ɗakin baƙi, kofi biyar ko shida a rana, kowa da irin wadda yake so. Ko wanne kuka saya, a damƙa wa mutum ɗaya zubar da akwati da wanke tanki kullum kafin a tashi.

Tambaya: Ina da juna biyu wata huɗu. Kafso nawa zan iya sha a rana? Mai lamba 12 ya fi mai lamba 6 ƙarfi ne? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa babban mutum mai lafiya na iya shan kafeyin, sinadarin gahawa mai hana barci, har miligiram 400 a rana, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Ƙaramin kafson Nespresso na da kusan 55 zuwa 65, na lungo ya ɗan ɗara, masu yawan gahawar robusta kuma suna haura 100, domin irin robusta ya kusa ninka irin arabika yawan kafeyin. Kafso biyu na yau da kullum ba su kai iyakar ba, amma ki sa shayi da goro da lemon kola a lissafi, duk sinadarin ɗaya ne. Lambar da ke kwali tana nuna duhun suya da ɗaci ne, ba yawan kafeyin ba. Gahawa na rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, don haka ki ba da tazarar awa biyu tsakaninta da maganin ƙarin jini. Akwai kafso marar kafeyin in ƙamshin kike marmari. Ki gaya wa ma'aikatan awo abin da kike sha, musamman in jininki na hawa.

Tambaya: Murfin wasu kafsona ya kumbura, kwanan da ke jikin kwalin ya wuce da wata biyu, kuma na ga kyankyaso na fita daga ƙarƙashin injin. In zubar da duka? Daga wani mai karatu a Yola.

Amsa: Malam, kumburin ba lalacewa ba ce. Soyayyiyar gahawa na fitar da iska bayan an liƙe ta, zafin gari kuma na ƙara kumburin. Alama ce ma kafson bai huje ba. Wanda za ka jefar shi ne mai rami, ko wanda murfinsa ya saki kana jin ƙamshi daga waje. Wata biyu bayan kwanan ba zai cutar da kai ba in gahawa ce zalla, ƙamshin ne ke raguwa. Kafson madara kam a bi kwanansa. Ajiye su a kabad mai inuwa, ba a mota ko kusa da murhu ba.

Kyankyaso ɗumi da danshi ya biyo. Kafson da aka bari a ciki bayan an sha, da ruwan da ya kwana a faranti, su ne abincinsa, kuma a zafin Yola kwana biyu sun isa fumfuna ta fito a akwatin. Ɗaga hannun injin da zarar ka gama don kafson ya faɗa, tura ruwa zalla na daƙiƙa biyar, zubar da akwati da faranti kowace yamma, ka bar hannun a ɗage ya sha iska. Kada ka fesa maganin ƙwari a jikin injin. Sa maganin a bayan kabad da kusurwoyi. Tankin ma kada rana ta riƙa dukan sa ta taga, gansakuka zai yi. Tsofaffin kafson alminiyom kuwa, yanke murfin da wuƙa, ka juye garin a tukunyar fulawa ko takin lambu, ka ɗauraye ƙoƙon ka matse su wuri ɗaya, sai sun yi nauyi ka miƙa wa 'yan gwangwan, domin ɗaya bai fi giram guda ba.